Inda na kai baƙona a Kano: gurasar cikin gari, hawan Dala da tsiren dare, da makin da na ba kowanne

Jama'a barkanmu da war haka. Tun satin da ya wuce nake cewa zan rubuta wannan abu aiki bai bari ba, yau dai an ɗauke wuta a shago kuma babu ciniki, bari in sauke nauyin.

Wani taubashina ne ya zo daga Zariya bikin ƙanwarmu, ɗan ƙanin babata ne, kun san kuwa Bazazzagi in ya shigo Kano ba ya rasa abin faɗa, ga taubasantaka ga wasan Kanawa da Zage-zagi, abin ya haɗe masa biyu. Tun daga tashar Unguwa Uku da na je ɗauko shi ya fara, wai ku Kanawa ban da neman kuɗi me kuka iya, gari duk kasuwa, mutum ko wajen da zai zauna ya sha iska babu sai hayaƙin adaidaita sahu. Na ce masa to malam ka shigo tumbin giwa, ka bari a sauke jaka tukunna. Muna cikin holdof ɗin gadar Dangi ya zaro waya ya nuna mini wani gidan abinci da ya gani a TikTok, can wajen Nasarawa, wai nan yake so in kai shi. Ni ban taɓa shiga ba, amma baƙonka sarkinka, daren Alhamis bayan isha muka tafi.

Ba zan faɗi sunan wurin ba don ban zo ɓata wa kowa kasuwa ba, kuma wataƙila ranar ce ba su tashi da sa'a ba. Abin yabo dai akwai. Wajen fakin wadatacce, mai gadi mai fara'a, ciki sanyin esi har ƙashi, fitilu kala-kala, banɗaki tsaf, har da ɗan wurin sallah a gefe da shimfiɗa mai tsafta. In hoto ka je yi ko ka kai yarinya zance ka burge ta, wallahi wurin ya yi. To amma mu yunwa ce ta kai mu. Takardar abincin da aka miƙo mana duk sunaye ne da sai ka tambaya, na nuna wani abu mai dogon suna yaron ya ce ai zoɓo ne da abarba a ciki, na ce to me ya hana ku rubuta zoɓo. Muka yi odar shinkafa da rabin kaza kowa, muka zauna, muka zauna, sai da muka kusa cinye awa guda ana ce mana saura kaɗan oga. Da abincin ya zo shinkafar ba laifi, amma kazar waje ya soyu ciki kuwa sanyi, ka san daga firiza aka jefa ta mai, ga ba yaji sai wani jan abu mai zaƙi a ɗan kofi. Da aka kawo lissafi na ga an ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wannan na gwamnati ne ban yi magana ba, amma a ƙasansa ga wani wai kuɗin hidima, hidimar da muka yi awa muna jira. Na biya dai ina murmushin yaƙe saboda Bazazzagi na kallona. Maki 4 cikin 10, kuma biyu daga ciki na esi ne.

A mota ya ce ka gani ko, na ce ban gani ba, wannan zaɓinka ne, gobe ka tashi da asuba in kai ka nawa.

Washegari Juma'a muna idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske muka nufi Dala. Ni a Gwammaja aka haife ni, dutsen nan muna yara kusan filin wasanmu ne, mu hau mu sauko ba ko haki, amma ranar sai da na tsaya sau biyu a kan matakala ina riƙe gwiwa ina cewa wai hoto nake ɗauka. Mota a ƙasa za ka bar ta, kuma gara ka shiga da adaidaita don lungunan ba su da faɗi, in ka haɗu da mai kurar ruwa ɗayanku sai ya koma da baya. Lokacin hawa shi ne sassafe ko bayan la'asar sakaliya, in ka kuskura ka hau da rana tsaka babu bishiya babu rumfa a saman, kai da rana ne kawai.

Amma fa in ka kai sama ka juya, duk hakin ya biya. Ga Goron Dutse can yana kallonka, ga hasumiyoyin babban masallacin cikin gari da koriyar ƙubbarsa, ga Gidan Sarki, ga rufin kwano iya ganinka, sabo da mai tsatsa, hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna, kana jin karatun almajirai daga tsangayu daban-daban yana haɗuwa a sama kamar ƙudan zuma. Iskar wurin daban ce wallahi. Mutumina da ya zo da baki sai ya yi shiru, can ya ce ashe garin nan haka yake da girma. Na ce masa nan ne asalin Kano ɗin, a gindin dutsen nan mutanen farko suka zauna suna haƙar tama suna ƙira, nan Barbushe yake hawa wajen Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda da ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Ya ce wato ku jikokin matsafa ne, na ce bari mu sauka kafin in tura ka.

Abin da ya ɓata mini rai a wurin halinmu ne mu mutanen gari. Ledar ruwa ko'ina, robobin lemo, wani gefen ma ba ka so ka matsa saboda abin da aka mayar da shi, ruwan sama yana ta zaizaye jikin dutsen, gidaje kuma sun matso har gindinsa. Kuma shawara, kar ka hau kai kaɗai in duhu ya yi, ku je ku biyu ko uku da ido na ganin ido. Duk da haka na ba shi 8, don babu wani bene a Kano da zai ba ka abin da Dala ke ba ka.

To daga nan ne muka gangara wajen abin da ya sa na yi wannan rubutu gaba ɗaya, wato gurasa.

Duk Bakano ya san in ana maganar gurasa ta gaske to wajen Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa ake nufi, unguwa guda sunanta ma daga sana'ar ya samo. Akwai wani gida da nake saya tun babata na aikena da kwano ina ɗan firamare, babu allo babu suna, zaure ne kawai da ɗan benci, in ba ka sani ba sai dai ƙamshi ya ja ka. Hajiyar da ke yi yanzu ta manyanta, 'ya'yanta da jikoki ne a bakin tanderu, amma tana nan a kan tabarma tana lura, kuma har yau in na shiga sai ta ce ɗan gidan wance ne ko, ya mahaifiyar taka da ƙafa, ni kuma in durƙusa in ce da sauƙi Iya. Tun cikin dare suke kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri a rufe ta ta tashi, da asuba a zuga kara a cikin tanderu har jikinsa ya ɗau zafi, sannan mace ta ɗebo ƙullin da hannu ta faɗaɗa shi ta zura hannun cikin wannan wuta ta manna a bango, haka za ta yi ta jerawa har ta zagaye, a rufe, jim kaɗan a buɗe a ɓamɓaro. Taubashina ya ce a bar shi ya gwada manna ɗaya, yaran gidan suka yi ta dariya, Iya ta ce a'a ɗan nan ba mu da kuɗin asibiti.

Gurasar da ta fito daga tanderu yanzu-yanzu ba ta haɗa hanya da wadda ta kwana a leda a bakin titi ba. Bayanta da ya taɓa bango ya ɗan ƙone yana ƙamas-ƙamas, gabanta fari da ɗigo-ɗigon ja, cikinta laushi da ƙofofi kamar soso, ga ƙamshin hayaƙin kara da babu injin da zai ba ka shi. Ko haka ka ci ta gaya da shayi ta isa. Amma mu bandashe muka ce a yi mana, a zauren akwai saurayin da aikinsa ke nan, yana saya a ciki yana haɗawa a waje. Ya tsoma gurasar a ruwan ɗumi ya cire da sauri, wannan tsomawar ita ce gwanintar, in ta daɗe ta zama kwaɓo in ba ta jiƙa ba ta shaƙe ka, ya jera a faranti ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yawa ba irin na masu ƙyashi da za ka riƙa hango farin gurasa ta ƙasa ba, ya kawo yaji, ya zagaya da man gyaɗa, man gyaɗa na gaske mai ƙamshin gyaɗa wanda aka soya da albasa, sannan albasa da tumatir da kabeji da kokwamba a kai. Na ce ya ƙara yaji a nawa, na baƙo a sassauta don Zage-zagi ba su da jimiri.

Malam, mutumin nan bai ce uffan ba sai da ya share faranti, ya ɗago yana gumi ya ce a ƙaro uku. Ƙulin shi ne sirrin, nasu ba ya ɗaci kuma ba a cika shi da gari don ya yi auki ba, kana ci kana jin gyaɗa da citta da ɗan masoro. Abin da muka kashe mu biyu har da ruwa da ƙari bai kai kuɗin zoɓon daren jiya ba, Allah kuwa. Gaskiya ta yi tsada a kan da, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fulawa da man gyaɗa suka haura, gurasar ma ta ɗan rage faɗi, wadda da in ka ci biyu ka ƙoshi yanzu sai uku, amma ba su taɓa ɗanɗanon ba kuma wannan shi ne mutunci.

Yana cin na ukun nake ba shi labari cewa gurasa ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gari, Larabawan da suka zo fatauci ta hamada suka zauna a cikin birni su suka kawo ta tare da su alkaki, har yanzu ga unguwanninsu nan, Alfindiki da Dandalin Turawa, don a da can Larabawa ake kira Turawa kafin zuwan masu jajayen kunne. Ya ce to ashe ma aro kuka yi, na ce e, mun ara mun fi mai ita, kai me ka ara.

Laifin wurin, don kar a ce na yi son kai. Wajen zama benci ɗaya ne, in mutum huɗu suka zauna na biyar sai tsaye. Kwata tana bi ta ƙofar gidan, da damina sai ka ɗage wando. Ƙuda akwai, duk da suna rufe kayan da farin ƙyalle. Ba sa karɓar taransifa, sai ka je wajen mai POS a bakin titi ya cire maka ya ɗauki nasa, don haka ka taho da kuɗi a hannu, canji ma in da hali. Ruwan wanke hannu a buta ne babu sabulu, ni da ɗan sabuluna nake zuwa a aljihu, ku yi dariya in kun ga dama. In ka wuce ƙarfe goma na safe ta tanderu ta ƙare sai wadda ta huce. Mace kuma in ta je gara ta shiga cikin gida wajen matan ko ta saya ta tafi da ita, zauren na maza ne. Da duk wannan na ba su 9, ɗayan da na rage na kwatar ne.

Daga nan da ƙafa muka ratsa Kurmi don cikin ya sauka. Ba zan tsaya dogon bayani ba, kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau in kana son turaren wuta, kayan yaji, takalmin fata, ƙwarya da ludayi, linzami da kayan doki, can ne. Lungunan matsattsu, rumfuna sun haɗe sama, sai ka yi ta tafiya a inuwa. In ka nuna kai baƙo ne za a ninka maka kuɗi, shi ya sa na ce masa ya rufe bakinsa ni zan yi ciniki, bai ji ba, ya buɗe baki da Hausar Zariya aka sayar masa da hula yadda aka ga dama. Muka leƙa karofin Ƙofar Mata, wanda allon ƙofarsa ke ɗauke da 1498, muka tarar da dattawa biyu-uku suna tsoma zane a ruwan baba, hannuwansu sun rine har gwiwar hannu, ramuka da yawa kuwa sun bushe babu mai aiki a kansu. Minti ashirin ya ishe ka a wurin, amma ka sayi ko ɗan ƙyalle ne, kar ka ɗauki hoto kawai ka wuce.

Bayan an sauko daga Juma'a rana ta take, a nan babu abin da ke shiga sai fura. Akwai masu fura na zamani yanzu da ke damawa da inji su zuba yogot da kwakwa da dabino har da inabi, a roba mai murfi, ba laifi ina sha, sanyinta ya yi kuma tsafta ba a magana. Amma ni in an bar ni da zaɓina ta 'yar Fulani a ƙwarya na fi so, kindirmo mai ɗan tsami, furar gero mai yajin citta da kanumfari, a dama da ludayi a bar ɗan gudaji-gudaji da za ka riƙa tauna, sukari kaɗan. Ta inji ta yi laushi da yawa kamar abincin jariri. Mun sha ta ƙwarya a gindin wata darbejiya, mun koma gida mun yi barcin da sai kiran la'asar ya tashe mu. Maki 8, matsalarta ɗaya ƙanƙarar da ake jefawa ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, ni cewa nake kar a sa.

Da yamma uwargida ta ce ba ta yarda ba, tun safe muna yawo mun bar ta da yara da hidimar biki, sai an fita da su. Kuma tana da gaskiya, a nan ne ma zan ɗan ba Bazazzagi rabin gaskiyarsa, don mu maza ko'ina wajen hutawarmu ne, dakali, bakin shago, teburin mai shayi, amma mace da yara in suna son shan iska a garin nan wuraren ba su da yawa, in ba gidan biki ko gidan 'yan uwa ba sai wurin da za a biya kuɗin shiga. Muka kwashe su sai Gidan Zoo. Tun zamanin Audu Baƙo yake, gwamnan Kano na farko da ya yi daga 1967 zuwa 1975, sunansa ma wurin yake ɗauke da shi, mutumin da ya yi mana dam ɗin Tiga. Yara dabbobi suke zuwa gani, su tsaya wajen birai ba sa son tafiya, ni kuwa bishiyoyin nake zuwa wa, manya-manya masu inuwa, kana shiga ƙarar titi ta ragu kamar an rufe ƙofa, ka shimfiɗa darduma ka miƙe ƙafa. Ranar da ba sallah ba wurin shiru, amma da bikin sallah kar ka ce na aike ka, cika yake har ba wajen sa ƙafa, a riƙe hannun yara da kyau. Ku taho da abincinku da ruwanku daga gida ya fi sauƙi. Da muka fito yara suka ce sai an shiga Ado Bayero Mall an sha ayis kirim tunda ga shi nan a titin, wanda har yau kowa Shoprite yake ce masa duk da kantin ya tashi tun farkon 2024, ka ce wa ɗan adaidaita mol ya tsaya kallonka, ka ce Shoprite ya ce hau.

Masu son tafiyar ƙafa don motsa jini, da safe akwai Filin Sukuwa, za ka ga alhazai da tumbi suna zagaye da kayan wasanni sababbi fil. Ni na fi son bin titin BUK ta gefen ganuwa bayan asuba, daga Ɗan'agundi ka wuce Na'isa da Gadon Ƙaya, in da ƙarfi ka kai Famfo har Kabuga. Sai dai ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu yanzu wani wajen sai an nuna maka ka yarda akwai ta, an yanka an yi gini, an ɗebi ƙasa, abin ba daɗin gani. Wannan maganar wata rana ce, in na fara ba zan gama ba.

Dare kuma na tsire ne, wannan ba sai an tambaya ba. Muka sauke iyali muka fita mu biyu wajen wani Baba da nake saya a gefen unguwarmu ta da, shi ma ba allo, fitila ce kawai da tukuba da katakon yanka da ya lotsa a tsakiya saboda shekaru. Abin da ya sa nake tsallake masu nama goma in zo wurinsa, naman ranar yake gasawa, in ya ƙare ya ƙare, ba ya ajiye na jiya ya ɗumama maka. Tsirensa a tsinke yake kafe kewaye da tukuba, wuta a tsakiya, ba ɗora shi ake a kan waya harshen wuta na lasa ba, zafi ne ke dafa shi a hankali yana juyawa yana shafa mai, shi ya sa ƙulin ba ya ƙonewa ya yi ɗaci. Na ce Baba a haɗa mana da tozo da 'yar hanta da ƙoda, ya ce an gama alhaji, ya yanko ɗanɗano ya miƙa wa baƙo a bakin wuƙa kamar yadda aka saba. Tozon nan yana narkewa a baki, tsokar ba ta jan haƙori, yajinsa kuma yana da ƙamshi ba zafi kawai ba. Ka haɗa da gurasa a ɗan ɗumama ta a gefen wuta ta sha man naman, to ka gama da duniya.

Inda zan rage masa, har yanzu a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida yake naɗewa, na sha yi masa magana ya ce alhaji tun kafin a haife ka a haka ake ci. Yanzu da kwanona nake zuwa. Sannan in ka ba yaronsa ciniki ba shi ba, hannun yaron bai kai na Baba ba, yanka yake sirara ya cika maka da albasa. Kuma sauro a wurin kamar an aiko su. Maki 8 da rabi. Kilishi kuwa na tsaraba Agadasawa na ce ya bari mu je ranar da zai tafi, a can za ka ga an shanya nama fale-fale a rana, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji a sake shanyawa sannan a gasa, ka ce a ba ka na ranar ka ɗanɗana kafin a naɗe, mai kyau yana karyewa ne ba ya jan haƙori kamar fata.

Muka ƙare a teburin mai shayin layinmu wajen sha ɗaya, wurin da in ba ka gan ni a gida ko shago ba to ina can. Benci uku, gwangwanayen madara an jera kamar bene, rediyo na yi, ana ta musu, rabi na siyasa tsakanin masu jar hula da waɗanda ba sa sawa, rabi na ƙwallo, wani dattijo yana ta lissafa kofunan Pillars, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, yana cewa yaran yanzu Madrid da Barca kawai suka sani ba su taɓa shiga filin Ƙofar Mata sun ji ana sai masu gida ba. Na ce a ba ni ruwan bunu da citta don naman ya sauka, mutumina ya ce haɗin kauri da wainar ƙwai biyu, bayan duk abin da ya ci, na ce kai cikinka rijiya ne. Da suka ji Hausarsa suka gane daga ina yake, aka bar siyasa aka bar ƙwallo aka dawo kansa, shi kaɗai mu wajen takwas, kuma wallahi bai faɗi ba, yana ramawa ana shewa har mai shayi ya ce shayinsa kyauta ne saboda ya yi ƙoƙari. Ba zan ba teburin nan maki ba don kamar in ba ɗakina maki ne, amma kofunan a ruwa ɗaya ake ɗauraye su tun magariba, na faɗa masa kuma zan sake faɗa.

Tiga ce ba mu samu zuwa ba, na so ya ci soyayyen kifi a bakin ruwa amma Asabar ɗaurin aure, Lahadi kai amarya, Litinin ya kama hanya da kilishinsa da hular da aka cuce shi. Shekaranjiya da daddare sai ga saƙonsa a WhatsApp, ba sallama ba gaisuwa, wai in je wajen Iya in sayo masa gurasa ta dubu biyar da ƙulinta daban a leda, in ba direba a Unguwa Uku ya taho masa da ita, matarsa ce wai take so. Na ce ya turo kuɗin mota tukunna, har yanzu ina jiran alat.